Minti Biyar na Farkon Kiɗan

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na kamu da kiɗan wani Bafaranshe. Irin wanda ake haɗawa a kwamfuta ne, ba waƙa, ba ko kalma ɗaya, sai wani sauti mai sanyi da ke tashi a hankali yana komawa, kamar fanka a ɗakin da ba kowa. Wata 'yar ajinmu ce ta turo min, wai yana taimaka wa karatu. Ni dai a bas nake sa shi. Daga gidanmu a Pantai Dalam zuwa ƙofar jami'a minti biyar ne, in na sauka in cire abin kunne, washegari in sake faro shi daga farko. Wata shida ina haka, kuma da an tambaye ni cewa zan yi na san kiɗan ciki da waje.

Mu biyu ne a gidan, ni da wata 'yar Filato da ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mahaifinta ya rasu a gida, fasfonta kuma yana wurin sabunta biza, ba halin tafiya. Aka binne shi tana kallo a waya, hoton ma yana yankewa. Sai 'yan cocinmu suka ce a taru ranar Asabar da yamma a falonmu a yi addu'a, a ɗauki bidiyo a tura wa mahaifiyarta. Wannan awa ɗayar ita ce duk jana'izar da Yaya za ta samu.

Mai buga mana fiyano ya tafi hutu. Yaya ta ce min, "Ki samo wani abu mai sanyi da za a sa ƙasa-ƙasa lokacin addu'a." Na ce, "Bar min wannan, Yaya." Har da bugun ƙirji.

Mutum wajen ashirin suka zo. Dattijon cocin, wani malamin jami'a mutumin Kafanchan, ya miƙe ya fara addu'a. Na kunna kiɗan a sifika, na ajiye wayar can kan firij, na durƙusa kusa da Yaya na rufe ido. Gaskiya ya dace da wurin. Har na ji wata tana jan hanci, na ce a raina, kai, na iya zaɓe.

Baban nan kuwa bai san gajeriyar addu'a ba. Yana cikin roƙa wa gwauruwa da marayu ta'aziyya, sai na ji dum, dum, dum, dum. Ashe abin da na sani share fage ne kawai, kiɗan rawa ne na gidan casu! Don Allah wane irin mutum ne zai lallaɓa ka minti biyar sannan ya sako maka ganga? Tsakanina da firij mutum goma ne a durƙushe. Na tsallake su, wayar ta kulle, yatsana duk gumi, ta ƙi buɗewa. Baba ya ɗaga murya, ganga ta bi shi. Wata a baya ta fashe da dariya ta mayar da ita tari. Sai da na kashe sifikar gaba ɗaya.

Kunya kamar in nutse. Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. Da aka watse na ce wa Yaya a yanke wurin daga bidiyon kafin a tura, ta ce an riga an tura. Na ba ta haƙuri sau biyu, ta ce ba komai, amma kwana huɗu ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana.

Ranar Alhamis ina wanke-wanke ta tsaya a ƙofar kicin da waya a hannu.

Ta ce, "Mama ta kalli bidiyon."

Na kashe famfo.

Ta ce, "A wajenmu ba a sallamar dattijo sai da ganga. Abin da ke ta damun Mama ke nan, wai ban ji gangar Babana ba. Ta ce wace ce ta tuna ta samo masa ganga a ƙasar mutane."

Na ce, "Kin gaya mata kuskure ne?"

"A'a. Ga ta nan a layi, tana so ta gode miki."

Na goge hannuna a zani na karɓi wayar, na ce, "Mama, ya haƙuri?"