Ranar da Taubashina Ya Yi wa Tudu Fifita

Taubashina ya dawo daga Libiya ba akwati ba rediyo, sai wani ɗan inji da ya kwance daga fankar matacciyar mota. Duk wanda ya zo yi masa barka da zuwa sai ya sha karatu.

"In ka ba shi wuta, shi juya. In kai ka juya shi, shi ba ka wuta. Mi ya hi wanga sauƙi?"

Na ce, "To zamna ka yi ta juyawa, tunda ba ka da aiki."

Ya ce iska ce za ta yi masa. A ƙauyenmu, can gefen Karofane, iska kam ba a roƙonta. Ya tsaga tiyon ban ruwan albasar babansa ya yi fukafukai, ya yanke murfin tukunyar innarsa ya yi wutsiya, ya kafa abin a kan dogon ƙarfe bisa tudu. Batir kuwa ya aro wurin wani abokinsa Kirista, makaniken da ke aiki kusa da asibitin mishan.

Ranar gwaji gari ya fito, iska ta ƙi zuwa. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Kakarmu, wadda ubanta ya mutu yana tsafi, ta ce a zamaninsu da baƙin zakara ake kiran irin wannan baƙuwa. Liman ya yi kamar bai ji ba.

Da taubashina ya ga an fara watsewa, sai ya haɗa wayoyin injin da batir don a ga ya yi wani abu. Nan take fukafukan suka ɗauki gudu. Ko ganyen gawo ba ya motsi, amma abin sai ƙugi yake yi. Mata suka rangaɗa guɗa. Liman da kaka kowa ya kalli ɗan'uwansa, kowa na ganin aikinsa ne. Shi kuwa gogan ya karkace hula, yana karɓar gaisuwa har la'asar.

Sai ga makanike a kan babur. Ya dubi sama, ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Kai, ba wuta kake yi ba! Batirina ne kake ƙonawa kana yi ma tudu fifita!"

Ashe wutar baya take komawa. Washegari makaniken ya kawo wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, wai diyod, mai barin wuta ta shiga batir ya hana ta fita. Daga nan abin ya yi aiki na gaskiya. Wayoyin hannu na unguwarmu duk a can suka ci wuta suka ƙoshi, har hadarin farko na damina ya fizge fiffike ɗaya ya jefa shi cikin garken awakin maigari.

Baban taubashina kuwa sai da ya zo dashen albasa ya gane inda tiyonsa ya tafi. Taubashina ya yi sati yana cin tuwo a gidanmu.