Iya Hure da Jummai ta Cikin Gem

Duk wanda ya taɓa barcin rana a gidanmu na Kusada ya san yatsan Iya Hure. Kana cikin barcinka mai daɗi sai ka ji wani abu mai sanyi a ƙarƙashin hancinka, ka buɗe ido a firgice, ka gan ta tsugune a kanka tana sauraren numfashi. In ta ji, sai ta miƙe tana karkaɗe zane, ta ce, "To, wanga da saura." Baƙi ma ba su tsira ba. Akwai wani malamin gona da ya taɓa kishingiɗa a zaurenmu, har ya bar aiki bai ƙara kishingiɗa a garin nan ba.

Ba mugunta ba ce, sana'a ce ta bi jiki. Kakata ce, mahaifiyar babanmu, kuma fiye da shekara arba'in ita ce ungozomar unguwa, ita ce mai wankan gawar mata tun daga nan har Bauranya. Abu biyu ne ba ta ɗauka, ƙazanta da ƙarya. Kun tuna ƙanenta Kawu Sale, da ya rantse akuyarsa ba ta ci mata wake ba alhali ga ganyen a bakin akuya? Shekara bakwai ba ta amsa gaisuwarsa ba. To wannan matar ce ni, da hankalina da gemuna, na shirga wa ƙarya.

Shekarar da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, Iya ta daina cin abinci. A kai mata tuwo, ta ture. A dama fura, ta ce ƙarnin ƙwarya take ji. Ni kuma lokacin ana sake ginin shagon da nake gyaran waya a Kankia, ina gida ba aikin fari ba na baƙi, sai buga gem a kwamfuta. Da tsakar rana nake bugawa a ƙarƙashin rumfa, don solarmu ba ta ɗaukar kwamfuta sai rana ta take.

Gem ne na ban tsoro, irin wanda za a ba ka tocila da harsashi biyar a ce ka tsira da ranka. Kashi biyu ne. Na farkon na gama shi tuntuni: tsibiri ne mai masana'antar kifin gwangwani, ruwa ya gurɓace, matattu suna tashi, babbar dodanniyar kuwa wata mata ce mai makulli rataye a wuya. Daga baya masu gem ɗin suka fito da wani wanda ya koma baya, yana ba da labarin yadda masifar ta faro. A cikinsa wata mai dafa wa ma'aikata abinci kake sarrafawa, tana neman ƙanenta. Duk wanda ya buga na farko ya san ita ce za ta zama mai makullin.

Wata Juma'a ina cikin buga na biyun, wata gawa da ke kwance a kan tebur ta zabura ta yo kaina. Na kurma ihu, na yi jifa da abin latsawa. Sai na ji murya a bayana, daga kan tabarma.

"Ƙarya ne."

Na juya. Ashe tun ɗazu Iya ta ja jiki ta matso.

"Iya, ba ki ji tsoro ba?"

"Tsoron mi? Gawar kwana uku ce za ta lanƙwasa gwiwa haka? Wanda ya zana abin ga bai taɓa shiga ɗakin mutuwa ba. Kuma dubi bakin a hangame! Da an ɗaure mashi haɓa da manyan yatsu kamar ɗan mutane, da ina zai tashi ya tahi?"

Na saki baki ina kallonta. Ni ƙirjina na dukan uku-uku, ita kuwa gyaran aiki take yi wa matattu. Ta nuna matar da ke riƙe da tocila ta tambayi sunanta, na faɗa, ta ce harshenta ba zai karye a banza ba, tunda ran Juma'a suka haɗu sunanta Jummai. Can ba ta ankara ba, hannunta ya shiga kwanon ɗanwaken da aka ajiye mini, ta cinye tas. Innarmu ta leƙo daga madafa ta ga kwano, ta dafe ƙirji ta koma.

Sai Iya ta lashe yatsa ta ce, "Kai maigidan banza, ɗiyar ga za ta tsira dai ko?"

Na dubi kwanon da ba komai, na dube ta. Na ce, "Za ta tsira, Iya."

Daga ranar, da an yi azahar sai a jawo mata tabarma da kwano. In ba Jummai, ba cin abinci. Ni kuwa kullum da ƙaryar nan nake kwana nake tashi. In gem ya ƙare ta ga gaskiya, ko dai ta koma ƙin abinci, ko in bi sahun Kawu Sale, ko duka biyun.

Rigimarmu ta farko a kan tarbiyya ce. A irin wannan gem, duk gidan da ka shiga sai ka buɗe durowa da akwati ka kwashi harsashi da magani. Iya ta ga haka ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Ashe ɓarauniya muke bi? Ba sallama, ba gafara dai, ta hwaɗa ɗakin mutane tana bincike!"

"Iya, masu gidan sun mutu."

"To kayan magada ne!"

Ta hana ni ɗaukar ko allura. Ranar sau tara ana cinye Jummai, har Iya ta sauko ta ce lalura ce, a ɗauka, amma duk ƙofar da za a buɗe sai na yi sallama da bakina. Haka maƙwabta suka riƙa jin ƙato kamata ina ta "salamu alaikum" ni kaɗai a ƙarƙashin rumfa. Wata rana Malam Idi da ke wucewa ta bayan katanga ya amsa.

Takardun da ake tsinta a gefen gawarwaki su ma ba su tsira ba. Da su ake ba da rabin labarin, ni kuma ina fassara mata. Na karanta wata da mai ita ya rubuta cewa ga shi nan an kama ƙafarsa. Iya ta ajiye cokali.

"Dodo shina cin ƙahwarshi, shi kuma shina rubutu? Har da aya? Mai labarin ga rago ne. Ya rasa yadda zai gaya mana abu, sai ya ba mamaci biro."

Akwai wani mai sanƙo da ke taimaka wa Jummai, mai magana a hankali, ni har na fi son shi a kan kowa. Tun ganin farko Iya ta ce munafuki ne. Na ce da wace hujja? Ta ce ya buɗe gwangwani ya juya baya ya ci shi kaɗai, ko tayi bai yi ba. Na yi dariya har da hawaye. Bayan kwana takwas, sai ga Sanƙo ya kulle Jummai a ɗakin sanyi, ashe shi ya zuba gubar a ruwa! Na miƙe tsaye ina salati. Iya ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana tsinkar zogale.

"Zamna, kana tare mani iska."

Ita kanta Jummai ba ta samu shiga da wuri ba. Iya ta ce baki kawai ke cewa tana son ƙanen nan, ba ta gani a ƙasa ba: kwana da kwanaki tana tsintar abinci, ba ta taɓa ɓoye masa ko loma ba. Sai ranar da Jummai ta tsinci takalminsa ƙafa ɗaya a bakin ruwa. Ba ta yi kuka ba. Ta wanke shi, ta ɗaure a ƙugu. Sai Iya ta ce, "Yanzu na yarda 'yar'uwarshi ce."

Daga nan na fara ha'inci. Ina sane nake ɓatar da hanya, ina sane nake bari a cinye ni, don kada mu kai ƙarshe. Kwana biyar muna zagaya rumbun kaya guda. A rana ta shida Iya ta sa sandarta ta zungure ni a haƙarƙari.

"Ƙohwar na hannun hagu. Tun Litinin kake wuce ta."

Na bi hagu. Muna shiga, ga makulli a kan ƙusa. Jummai ta ɗauka ta rataya a wuya. Na ajiye abin latsawa, na ce, "Iya, akwai maganar da..."

"Mutuwa za ta yi. Na sani."

Na juyo gaba ɗaya na dube ta. "Wa ya gaya miki?"

"Tun ranar takalmi. Ragon da ka ga an fi ba dusa, ai shi ne na layya. Kuma ranar da na tambaye ka, kwano ka kalla kahin ka amsa."

"To kin sani, me ya sa kika ci gaba da kallo?"

"Kai, duk jinjirin da na yanke ma cibiya na san inda zai ƙare. Ka taɓa jin na ce kada a yi mashi wanka? Ɗauki abinka mu raka ta."

Muka raka ta. Jummai ta samo ƙanen da ransa, ta sa shi a kwalekwale, ta koma ciki ta kulle ƙofa da matattun gaba ɗaya, cutar tasu ta riga ta kama ta. Ta zame ta kwanta a kan siminti, ita kaɗai, tocilar na mutuwa a gefenta. Na kai hannu zan kashe, Iya ta buge mini hannu.

"Haka za ka bar ta a buɗe?"

Ta cire mayafinta, ta ja jiki da ƙafar nan mai ciwo, ta lulluɓe fuskar kwamfutar a hankali, har tana gyara gefe da gefe. Na so in yi dariya, na kasa.

Sai ta yanke hukunci: labari rabinsa ne ya yi kyau, Jummai mutum ce, sauran duk kara da kiyashi, mutanen tsibirin kuma ba su da tarbiyya ko ta sisin kwabo. Na ce to ni fa, shekara nawa zan yi ba a amsa gaisuwata? Ta ce, "Sale don akuya ya yi tashi ƙaryar. Kai don cikina ka yi. Na yahe, don ma ba ka iya ba. Miƙo mani hurar nan." Ta shanye.

Wata huɗu ta ƙara, tana ci tana faɗa. Ranar da ta cika, da hantsi ne, ɗakin ba masaka tsinke, rabin waɗanda ke ciki a hannunta suka faɗo duniya. Ni ina riƙe da ƙafar mai ciwo.

Allah Ya jiƙan Iya Hure, Ya yi mata rahama, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta bayinSa. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.