Gilashi na Goma Sha Bakwai

Ranar Talatar da ta wuce, ina fito da Vespa zan tafi ofis, sai ga Mista Bassey a kan kekensa daga wajen Tarauni. Bai sauka ba, ƙafa ɗaya kawai ya sa a ƙasa. Ya ce, "Malam, ogana ya tafi. Bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata huɗu muna jiran wannan magana, amma da ta iso sai da na jingine babur na zauna a dakali.

Ogan nasa, Malam Isyaku, ma'aikacin ɗakin awo ne a wani asibiti a nan Kano, ya haura shekara ashirin yana duba jini. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Gyadi-Gyadi tun shekarar da aka koma tuƙin dama. Ni aikina gyaran rubutun jarida, shi ya sa yakan zolaye ni da cewa sana'armu ɗaya, neman kuskure a inda kowa ya wuce. Mista Bassey kuwa mutumin kudu ne, a hannun Malam ya koyi aiki.

Malam yana da wata ƙa'ida da bai taɓa karya ta ba. Idan aka kawo jinin mara lafiya, aka shafa a gilashi aka rine, lamba kawai ake rubutawa a gefe. Takardar da ke ɗauke da suna a kife take zama har sai ya gama dubawa ya rubuta abin da ya gani. Yakan ce, "Suna yana lanƙwasa ido. In ka san jinin ɗan uwanka ne, za ka ga abin da kake so ka gani."

Wata Asabar na bi shi wurin aiki, ya sa na leƙa madubin awo. Ya nuna mini fararen ƙwayoyin jini, kowace da wani dunƙule mai launin shuni a tsakiyarta, wanda yake kira cibiya. Ya ce, "Ka fara duban cibiya, sauran duk riga ce." A jinin mai lafiya cibiyar tana da duhu, a tsuke, wata ma a rarrabe kashi uku ko huɗu. Sannan ya ɗora wani tsohon gilashi. Nan cibiya ta kumbura ta kusa cika ƙwayar, ta yi laushi kamar tankaɗen gari, ga wasu ɗige-ɗige masu haske a cikinta kamar idanu. Ya ce wannan ita ce sankarar jini mai saurin ci: ƙwayoyi ne da suka ƙi nuna, suka cika ɓargo. Iri biyu ce, kuma cibiya ce ke fara nuna wace ce. Idan ta ɗan yi kauri, idanun ɗaya ko biyu, akwai maganin da kan ba mutum sarari. Idan ta yi laushi sosai, idanun uku ko huɗu, wani lokaci har da lanƙwasa, to ga babban mutum kwanaki ake ƙirgawa. Na tambaye shi mai wannan jinin yana ina. Ya mayar da gilashin cikin akwati, ya ce mu je mu yi azahar.

Da damina ta fara bana, Malam ya soma ramewa. Dasashinsa yana jini, ga baƙaƙen tabo a ƙwaurinsa ba tare da ya bugu ba. Sau biyu ya sha maganin zazzaɓi. Mista Bassey ne ya tare shi, kuma daga bakinsu su biyun na ji yadda aka yi.

"Oga, miƙo hannunka."

"Bassey, yaushe ka zama likita ban sani ba?"

"Tun ranar da na ga oga ya sauka daga keke sau biyu a Titin Zariya yana haki. Kai ke yi wa mutane faɗa ba sa zuwa da wuri."

Malam ya naɗe hannun riga. Ya ce sharaɗi ɗaya: a cusa gilashinsa cikin na ranar, a sa masa lamba kamar kowa, a kife takarda, kada a gaya masa lambar.

Gilashi ashirin da shida ne a safiyar. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mista Bassey, wanda shi kaɗai ya san lambar, ya ce ya juya baya yana wanke kwalaben da ya riga ya wanke, don kada fuskarsa ta tona. A na goma sha bakwai Malam ya daɗe. Ya ƙirga ƙwayoyi ɗari, ya goge madubi, ya sake ƙirga ɗari. Ya rubuta cewa cibiya ta cika ƙwaya, mai laushi ce, idanu uku zuwa huɗu, wasu a lanƙwashe. Ya rubuta sunan irin da ba ya jinkiri. Bai buɗe takardar ba. Ya ajiye ta gefe, ya gama sauran tara, domin masu su suna zaune a benci suna jira. Sai a ƙarshe ya juya ta, ya ga sunansa.

"Oga, mu sake shafa wani. Ƙila rinin ne."

"Rinin da ya yi daidai a gilashi ashirin da biyar? Ba ni biro."

Ya sa hannu. Aka aika da gilashin Zariya wurin likitan jini, amsa ta dawo ba a canza masa ko kalma ɗaya ba.

Wata la'asar a dakalina na tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce, "Tun gilashi na farko yawuna ya ƙafe. Da na ga na sha bakwai, na roƙi Allah ya sa na wani ne. Sai na tuna wanin nan ma yana da 'ya'ya. Na yi istigfari, na rubuta." 

Tsoron ya shiga gidansa har ya tsallako katanga. Matarsa Inna Ladi ta ware masa kwano saboda yara, tana yi tana kuka. Ya ce mata, "Ladi, wannan ba ta bin kwano. Da tana bi, da ni zan fara warewa." Ya ci gaba da cin tuwo da 'ya'yansa huɗu har lokacin da haɗiya ta gagare shi. An yi masa ƙarin jini sau uku, kowane ƙari ya fi na baya saurin ƙarewa, kuma ya san ma'anar hakan fiye da duk mai zuwa gaishe shi. Ni kaina tun daga lokacin, duk safiya in na yi asuwaki sai na duba bakin icen kafin in ajiye.

Wasiyyarsa ga Mista Bassey ita ce kada a zubar da gilashin. A sa shi a akwatin koyar da sababbin ma'aikata, da lambarsa kawai, kada a rubuta suna. Jiya na je na gan shi a can, tsakanin na mutanen da Malam ya duba a shekarun baya, ba abin da ya bambanta shi da su.

Ya Allah, bawanka Isyaku ya ji tsoro, amma ya rubuta gaskiya a kan kansa. Ka amintar da shi daga tsoron kabari da na ranar tsayuwa, ka yafe masa kurakuransa, ka sa jinyar nan ta zama kaffara gare shi. Ka ba Inna Ladi haƙuri, ka raya 'ya'yansa, ka tsare jininsu. Mu kuma da takardarmu take a kife har yanzu, ka sa mu cika da imani ranar da za a juya ta. Amin.