Buhunan Wake a Gafasa

Ko zan manta komai na shekarun aikina, ranar da aka kwance buhunan nan a Gafasa ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina sashen noma, ni aka ɗora wa duba ko bitar da aka yi wa malaman gona ta yi amfani. Bitar adana wake ce ba tare da magani ba, a buhun nan mai leda biyu a ciki. A Gaya aka yi ta, kwana biyu, komai a majigi, ba wanda ya taɓa buhu da hannunsa. Da aka tashi na raba takardar jin ra'ayi, kowa ya zaɓi "Na gamsu". Na rubuta rahoto cewa an yi nasara, ina ta hura hanci.

Bayan wata huɗu na fita zagaye, na isa ƙauyen Gafasa. Wani dattijon malamin gona da ya halarci bitar, wanda ya kusa ritaya, ya kai ni gidan wata baiwar Allah da mijinta ya rasu. Shi ya ɗaure mata waken shekararta gaba ɗaya, na ci da na iri. Cikin murna ta ce, "Malam, kwance ka nuna wa baƙo."

Yana kwancewa wari ya buge mu. Wake ya zama gari, ƙwari sai yawo suke. Ashe haɗa ledojin da buhun ya yi ya ɗaure da igiya ɗaya, alhali kowace leda sai an matse iskarta an ɗaure ta daban.

Ba ta yi kuka ba. Ta damƙi garin ta ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Sai dai ban san abin da zan shuka ba."

A hanya na kasa haƙuri. "Baba, don me ka ce ka gamsu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, sa'o'in 'ya'yana ne cike da ɗakin. Ta yaya zan ɗaga hannu in ce ban gane ba?"

Nan fushina ya dawo kaina. Na san kunyar mutanenmu sarai, amma na bar takarda ta yi mini aikina. Har yau abin yana ci na.

Tun ranar ban sake tambayar kowa ko ya gane ba. Buhu nake miƙa masa in ce, "Ɗaure in gani." Na koyi wannan, amma da waken matar nan aka koya mini.