Merle Sedlak a Bencin Iyaye

Duk wanda ya taɓa ɗaukar rahoton wasa a Kwalejin Ashgrove kafin a rushe tsohon zauren ƙwallon kwando ya san dogon teburin nan na bakin fili, ya kuma san mai teburin. Marigayi Merle Sedlak ke nan, jami'in watsa labaran wasanni na kwalejin. Ni Wendell na fi kowa daɗewa a gefensa, don jaridar garinmu ba ta da mai rubuta labarin wasanni sai ni. Kujerata tana hannun hagunsa tun gashina yana baƙi har ya fara zubewa, kuma har yau in na wuce inda zauren yake, wanda yanzu ya zama wurin ajiye motoci, sai in ji kewa ta kama ni.

Ɗan manoman masara ne daga yammacin jihar Nebraska ta Amurka. Ya zo kwalejin da niyyar buga ƙwallo, koci ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ba tsawo ba gudu, sai ya miƙa masa fensir ya ce ya riƙa rubuta wanda ya ci da wanda ya zubar. Merle bai ji haushi ba. Da ya gama karatu aka ba shi wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, da keken rubutu, da baƙar wayar tarho, aka ce masa ga ofis nan. Bai sake neman wani aiki ba.

'Yan yanzu da ke latsa waya sau biyu su ce sun watsa labari ba za su gane wahalar ba. Ana tashi daga wasa zai rungumi tarho ya bi gidajen jarida da na rediyo ɗaya bayan ɗaya, yana karanta musu sakamako, yana faɗa musu sunayen yara harafi-harafi, don sunayenmu na jikokin mutanen ƙasar Cek da Jamusawa sai ka yi da gaske. Kowane ɗan wasa, ko da ɗumama benci kawai yake yi, sai Merle ya aika labarinsa jaridar ƙauyensu, wai kowane yaro yana da kakar da ke zaune da almakashi tana jiran ta ga sunansa. Ran wasa kuwa matarsa Nadine takan aiko mana da tukunyar wake da nama mai yaji, da burodin kirfa mai ɗumi, mu ci mu yi nak. A teburin nan na yi tumbi, ban kuma yi nadama ba.

Doka ɗaya ce a wurin, kuma ba Merle ya ƙirƙiro ta ba, ko'ina haka ake yi: mai zama a teburin 'yan jarida ba ya ihu, ba ya tafa hannu, ba ya nuna ɓangare. A wasu makarantun ana ɗan kau da kai. Ban da Merle. Ka kuskura ka ce "yawwa" ko da ƙasa-ƙasa, sai ka ji gindin fensir ya ƙwanƙwasa tebur a gabanka.

"Nan wurin aiki ne, mutumina. In murna ka zo yi, ga bencin 'yan kallo can sama."

Shi kansa, a ci mu ko mu ci, fuskarsa ɗaya ce, kamar mai jiran bas. Na san yana son yaran nan kamar ransa, don ina ganin yadda ƙafarsa take rawa a ƙarƙashin tebur. Amma daga wuya zuwa sama ko gezau.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Paula. A zauren nan ta yi rarrafe, ta ɗauko tsawon dangin uwa, ta iya jefa ƙwallo tun kafin ta iya ɗaure takalmi. Lokacin da take sakandare wasanninta suna cin karo da na kwaleji, uban ba ya samun zuwa. Da ta shigo Ashgrove ta shiga ƙungiyar mata, sai ya zama ba wasanta ɗaya da ya wuce shi, amma duk daga tebur. Ta jefa ƙwallo a kwando, zaure ya ɗauka da sowa, ta juyo a guje ta gefenmu ta ɗan waiwayo, ta tarar da tsakiyar kan ubanta, ya duƙa yana rubuta maki. A labaran da yake aikawa ma sai ya tura sunanta can ƙasa, kada a ce ya yi son kai.

Abin yana ci mini rai. Na ce masa, "Kai wai wane irin uba ne? Yarinya ta yi wannan bajinta, ko ɗan murmushi?"

Ya ce, "Ta san ina gani."

A shekararta ta ƙarshe, ana saura 'yan kwanaki wasan bankwana na gida, ina zaune a ofishinsa ina shanye masa kofi, sai ga ta ta shigo daga atisaye, gashi a jiƙe. Ta gaishe ni, ta tsaya a kansa.

"Baba, ran Asabar ina za ka zauna?"

"Inda na saba mana."

"Wasana na ƙarshe ke nan a gida."

"Na sani, ai ni na buga sanarwar."

"Akwai uban wata a cikinmu, tun daga jihar Dakota yake tuƙo mota, ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe, alhali 'yarsa da ƙyar ake sa ta a fili. Ni ban san yadda muryarka take ba in ka ɗaga ta. Ko kare ban taɓa jin ka daka wa tsawa ba."

"Paula, kin san dokar tebur."

"Na san ta. Shi ya sa na ce ka bar teburin, yini ɗaya tak. In ba za ka iya ba, ka gaya mini yanzu, in daina waiwaye."

Ta fita ta ja ƙofa a hankali. Merle ya yi ta juya fensir a hannu. Na ga maganar ta dake shi sosai. Na ce ya bar mini rubuta makin, zan iya.

"Kai? Rubutunka ko mai kemis ba zai iya karantawa ba."

"To zauna, ka ga ko za ta sake kallon inda kake."

A ƙarshe ya yarda. Sauran kwanakin nan bai bar ni na huta ba, ya yi ta koya mini abin da na yi shekara da shekaru ina kallo yana yi.

Ran Asabar da rana dusar ƙanƙara ta rufe gari, amma zaure ya cika maƙil. Merle ya shigo cikin jar rigar sanyi mai tambarin kwaleji, sabuwa fil, har da alamar ninkin kanti a jikinta. Wasu ma ba su gane shi ba sai da suka sake dubawa. Kafin a fara, aka yi abin da aka saba, iyayen masu kammala karatu suka rako 'ya'yansu tsakiyar fili da furanni. Ya rako ta shi da Nadine, a sandare, leɓɓansa suna bin abin da mai lasifika yake karantawa, don shi ya rubuta. Daga nan ya hau bencin iyaye, ya zauna a tsakiyarsu kamar baƙo a gidan biki.

Aka fara. Ni dai ido ɗaya a fili, ɗaya a kansa. Paula ta ci ƙwallon farko, ta juyo, wannan karon sama ta kalla. Iyaye suka miƙe suna sowa. Merle ya buɗe baki, ya rufe, ya gyaɗa mata kai. Ta sake ci, haka. Ina hango yatsansa yana zana maki a kan gwiwarsa, Nadine tana zungurinsa da gwiwar hannu har ta gaji.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya sauko wurina, wai ya zo duba ko na yi kuskure. Na dafe takardar.

"Koma inda ka fito. Yau ba ka da kujera a nan."

Ya sunkuyo kusa da kunnena. "Wendell, ya ƙi fitowa."

"Mene ne ya ƙi fitowa?"

"Ihun. Ina jin sa, ya zo nan ya tsaya a maƙogwaro. Kafin in shirya sun gama sun zauna."

"To wa ya ce ka shirya? Jawabi aka ce ka yi? Buɗe baki kawai."

Ya ce, "Me ake cewa?"

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba duniya labarin wasanninmu, shi ne yake tambayata me ake cewa. Dariya ta zo mini, tausayi ya danne ta. Na ce ya kira sunanta, ai shi ya raɗa mata.

Bayan hutu baƙin suka yi mana fintinkau, kowa ya san an gama da mu. Dab da tashi koci ya fara fitar da masu kammalawa ɗaya-ɗaya, don jama'a su yi musu tafin bankwana. Aka zo kan Paula. Zaure ya miƙe gaba ɗaya, Nadine tana kuka tana tafawa. Merle ma ya miƙe, hannuwa a ɗage ba su haɗu ba, baki a buɗe ba sauti. Paula ta zo bakin layi ta tsaya, ta ɗaga kai ta dube shi, ta ɗan jira. Sannan ta wuce bencin 'yan wasa ta zauna, ta ja tawul ta rufe kanta. Jama'a suka koma suka zauna. Haushi ya turnuƙe ni, na ce a raina na daina cin waken gidansa.

Wasa ya ci gaba. Aka yi wa wata yarinyarmu ƙeta, alƙali ya ba ta jifa biyu daga layi. A irin wannan lokacin ko jariri ya san mutanen gida shiru suke yi, kada su rikita tasu. Zaure ya yi tsit, yarinya ta daidaita ƙwallo, ta lanƙwasa gwiwa.

"Paula!"

Wata irin murya ce, a shaƙe, a karye, kamar an buɗe ƙyauren rumbun da ya yi tsatsa. Ƙwallon yarinyar ko ƙarfen kwando bai taɓa ba. Usur ya faɗo daga bakin alƙali. Kowa ya juya, sai ga Merle Sedlak tsaye shi kaɗai a cikin jar rigarsa, jijiyoyin wuya a waje.

"Paula Sedlak! 'Yata ce! Waccan mai tawul a ka, 'yata ce! Kun ga yadda ta buga? Kun gani?"

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi, sai dariyar ta koma tafi, har da mutanen baƙin. Mu na tebur ba wanda ya motsa hannu, amma ni dai na daina ganin abin da ke kan takardar gabana.

Paula ta yaye tawul. Fuskarta sharkaf da hawaye, tana dariya. Ta juya ta haɗa hannuwa a baki.

"Na ji, Baba! Na ji! Zauna haka nan, kana ɓata mana wasa!"

Nadine ta kama gefen rigarsa tana ja. Bai zauna ba. Yarinyar can ta yi jifanta na biyu cikin hayaniyarsa, aka busa tashi, baƙi suka yi murnarsu suka shige ɗakin canja kaya, mutane suka fara neman rigunan sanyinsu, shi yana nan tsaye yana kiran sunanta, ita kuma ta ƙi barin fili.