Kifi Takwas a Cikin Babbar Riga

Ga abin da ya kai ni Landan. A shekarun da kuɗin fetur ya fara ambaliya, Alhaji Mamuda ɗan kwangila ya gina gida a Kano, ya sa Turawa suka girka masa akwatin gilashi a bangon falo, suka haɗa masa ruwan gishiri irin na teku. Saura kifi. Mutum biyu sun je sun ɗauko, dukansu mushe suka sauke masa. Ya ce in na kawo masa kifi takwas masu launi, da ransu, kafin walimar buɗe gida, ni zan zuba kujeru da labule a otal ɗin da yake ginawa. In sun mutu, in koma rumfata. Ni da na fara da tallan ashana, ban ga abin tsoro a kifi ba.

Kano zuwa Landan

Na bar Fagge kafin kiran assalatu, na yi asuba a filin jirgi. Da la'asar muka sauka. Garba, ɗan kawuna kuma taubashina, wanda ke aikin rediyo a unguwar Marylebone, shi ya tarye ni da wata ƙatuwar rigar sanyi.

"Bawana ya iso!" in ji shi. "Wai kai ne sabon Sarkin Ruwa? Kai da ko kududdufin unguwa ba ka taɓa shiga ba?"

"Riƙe jakar ka yi mini shiru, haƙorana kaɗawa suke."

A Whitechapel yake zaune. Matarsa Asabe ta tuƙa tuwon garin shinkafa, ta kaɗa miya da busasshiyar kuɓewar da na kawo musu.

Talata, Stratford

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau, muka ƙarasa da ƙafa zuwa wani tsohon sito. Mai wurin wani dattijon Bature ne, Mista Dawson, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nutso a teku. Ya shimfiɗa mana taswira yana nuna tsibiran da ake kawo masa kifi: waɗansu ƙanana a Tekun Indiya, inda ya ce kana cikin kwalekwale kana ganin yashin ƙasa, waɗansu can gabas da nisa. Sai ya ɗora yatsa a gefen Jidda, ya ce nan ma ya yi nutso, kuma duk da yawonsa bai ga inda ya fi nan ado ba. Na riƙe baki. Na ratsa ta saman wannan ruwa zuwa Hajji, ashe kasuwa guda ke ci a ƙarƙashina!

Ya miƙo mini hotuna in zaɓa. Na ce wa Garba, "Gaya masa ko rago ba na saye sai na duba haƙoransa." Dattijon ya yi dariya, ya nuna wata tafkekiyar kwatarniyar siminti da zurfinta ya fi tsawon mutum. Ya ce ga haja can, in ina son gani, in shiga.

Suka cusa ni cikin rigar roba, tumbina ya ƙi shiga sai da Garba ya danna da gwiwa. Aka goya mini tukunyar iska, aka ɗaura mini ɗamarar dalma, aka sa mini gilashi a fuska da wani bututu a baki. Dawson ya ce abu ɗaya: in yi ta numfashi, kada in riƙe. Ya kama hannuna muka bi tsani.

Jama'a! Ban san Allah Ya yi launuka haka ba. Duwatsu masu rassa kamar ƙahon barewa, waɗansu kamar tuwon da aka zana. Su ne murjani, dangin wanda iyayenmu mata ke ratayawa, kuma wai da ransu. Ga wani ɗan kifi ruwan goro mai farar ɗamara yana birgima cikin wani abu mai gashi kamar taliya. Ga shuɗi mai wutsiya rawaya, ga mai zane kamar saƙi. Wani ya gan ni ya kumbura ya zama ƙwallo. Wanda ya fi kashe ni shi ne wani siriri da manyan kifaye ke yi wa layi, su wage baki yana tsince musu datti. Wanzami ke nan! Ya gama da su ya zo kan yatsana ya kama aiki. Na manta inda nake na ce "Subhanallahi," bututu ya fita, na sha gishiri, Dawson ya cillo ni sama ina tari ina dariya.

"Ka ga haƙoran nasu?" in ji Garba.

"A mayar da ni!" na ce. Sau uku na koma. Na zaɓi takwas ƙanana masu kuzari, har da wanzamin.

Alhamis, hanyar gida

Dawson ya ɗaure kowane kifi a ledarsa, rabi ruwa rabi iska. Ya ce sanyi ne ajalinsu. Nan na gane abin da ya ci waɗanda suka riga ni: sun ba da akwatin an jefa cikin kaya a ƙasan jirgi. Na ce ni ba za a raba ni da hajata ba. Asabe ta ba ni zane biyu, muka jera ledojin a cikina da haƙarƙarina muka ɗaure tam, na zuba babbar riga a kai.

"Na kira mai tasi," in ji Garba, "amma ban gaya masa mai juna biyu zai ɗauka ba."

A filin jirgi mai bincike ya dafa cikina, ya ji ƙulun-ƙulun, ya ja da baya. Na ɗaga riga, na miƙa takardar izinin fita da kifin. Ya sunkuya, shuɗin kifin ya zo ya tsaya daidai hancinsa. Sai ga shi yana kiran abokan aikinsa. Ashe shi ma yana kiwon kifi a gida. Shi ya gyara mini ɗaurin zanen da hannunsa.

A jirgi ban jingina ba, ban ci abinci ba, a zaune na yi salla da ishara. Wata Hajiya 'yar Zariya da ke kusa da ni ta daɗe tana satar kallo, can ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, cikinka motsi yake."

"Lafiya ce ta kawo haka, Hajiya."

Muna tsakiyar Sahara na ji sanyi yana bin cinyata. Leda ɗaya ta huje, ta mai zanen saƙi. Na nemi kofi, na juye shi da ɗan ruwan da ya rage, na rungume kofin har muka sauka.

Kano

Ɗan kwastan ya ce, "Me ka zo da shi?" Na ce kifi. Ya ce, "Banda ko soye?" Na buɗe masa riga. Hannu kawai ya ɗaga mini in wuce.

Daga filin jirgi gidan Alhaji Mamuda na zarce. Na sa ledojin suka yi iyo a saman akwatin har ɗumin ruwan ya zo ɗaya, kamar yadda Dawson ya koya mini, sannan na kwance su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suka baje. Na cikin kofi ya riga ya juya ciki sama.

Alhaji ya ƙirga. "Takwas muka yi da kai."

"Takwas na ɗauko, ranka ya daɗe. Ga na takwas, bai kai ba."

Bai kalli kofin ba. Ya tattare riga ya zauna a ƙasa gaban gilashin, hularsa ta karkace, yana bin wanzamin da yatsa. Na tsaya ruwa na ɗiga daga wandona. Can, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Ka je otal ɗin gobe ka auna tagogi."

Asarata: kifi ɗaya, babbar riga ɗaya da gishiri ya cinye wa aiki, da murar mako guda. Ribata: ɗakunan otal tun daga ƙasa har bene. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni gida lafiya, na gode wa Asabe. Garba kuwa ya biyo ni Kano in yana son tasa godiyar.