Goron da Baba Ya Miƙa wa Malamin Tozai

Jiya a taron ƙungiyarmu ta malamai a Illela, ana ta hayaniya kan yajin aiki, sai wani ya ɓara goro kusa da ni. Ƙarar nan ta dawo min da marigayi tsohon shugabanmu, wanda duk muke kira Baba.

Ɗabi'arsa ce idan taro ya yi zafi ya ciro jan goro daga ɗanyen ganye ya ɓara. Wanda ya miƙa wa, shi kaɗai ke da bakin magana.

Wata shekara muna cikin yaji, labari ya zo cewa wani malamin ƙauyen Tozai ya buɗe aji. Aka kira shi. Ɗakin ya cika da zufa da huci, wasu har sun tare ƙofa, ni ma ina cikin masu cewa a kore shi. Baba ya ratsa mu ya miƙa masa goro.

"Malam, mi ya sa?"

Mutumin ya karɓa ya ce, "Baba, in na sallami yaran nan, dako za a tura su Konni, tsallaken iyaka. Ba su dawowa."

Baba ya gama tauna goronsa a hankali, ya ce, "Gobe ka rufe aji. Ka tara su gindin dogon yaro. Inuwa ba ta gwamnati ba ce."

Jiya har muka watse babu wanda ya saurari wani. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanya shi a inuwar da ba ta gushewa.